Manhajar CAPS a teburin jami'in ɗaukar ɗalibai

Duk mai son ya yi nisa a ofishin ɗaukar ɗalibai, a Jami'ar Umaru Musa Yar'adua ne, ko ta Dutsin-Ma, ko Al-Qalam, CAPS ce gonar da zai noma. Manhaja ce ta intanet da ake bi a ba ɗalibai gurbin karatu a manyan makarantu. JAMB, hukumar shirya jarrabawar shiga manyan makarantu, ta ɓullo da ita a 2017, zamanin Farfesa Ishaq Oloyede, kuma tun daga nan gurbin karatun da bai bi ta cikinta ba haramtacce ne.

Aikinta hawa-hawa ne. Jami'in ɗaukar ɗalibai ya zaɓo sunaye ya miƙa, shugaban makaranta ya sa hannu, jami'in JAMB mai kula da makarantar ya duba ya amince, sannan ɗalibi ya shiga shafinsa ya karɓa ko ya ƙi. Kowa da mabuɗinsa, kuma duk inda ka taka sai sawunka ya fito. Nan alherinta yake. Masu nema a jere suke bisa maki, ba ka isa ka tsallake mai 250 ka ɗauko mai 170 a ɓoye ba. Ma'aikacin da ake tarewa a ƙofar masallaci ana "Malam, a taimaka, ɗan yayata ne" ya sami garkuwa: ya juya allon kwamfutar ya nuna inda yaron yake a layi.

Sai dai ba ta yi maka tunani. A jami'o'in tarayya kashi 45 na cancanta ne, 35 na jihohin da ke kewaye da jami'ar, 20 na jihohin da aka bari a baya a karatun boko, Katsina na ciki. Ga rabon 60 da 40 tsakanin kimiyya da sauran fannoni, ga adadin ɗaliban da hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta ƙayyade wa kowane kwas. Wanda bai riƙe wannan lissafin a ka ba, jerinsa zai yi ta dawowa.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne sakamakon sakandare. Yaro ya yi rajista yana jiran WAEC ko NECO, sakamako ya fito, bai koma cibiyar jarrabawa da JAMB ta amince da ita an ɗora masa ba. Komai yawan makinsa, ba a iya miƙa sunansa. Haka in an mayar da shi wani kwas: sai ya amince da kansa a shafinsa, in ba haka ba maganar na nan rataye. Wani kuma ya bar lambar sirrinsa a shagon intanet, a danna masa "ƙi" bisa kuskure. Manhajar ba ta bin kowa gida, don haka ofis ne zai yi ta cigiya, har ta rediyo in ta kama. Ga nauyin da takan yi in wa'adi ya matso, kowace makaranta ta danno lokaci guda. A gama da wuri.

Masu hangen kujerar mataimakin magatakarda, ko ta magatakardan kansa, su lura: jerin da ya wuce ba tare da an dawo da shi ba shi ke ɗaga sunan ƙaramin ma'aikaci a idon manya. Ɗalibin da aka shigar ta bayan gida kuwa, sai ya gama karatu, lokacin bautar ƙasa ya yi, a nemi sunansa a kundin JAMB a rasa. A ranar, fayil za a ɗauko a ga wa ya sa hannu.