Injin jirgi ya daina ja: gyara, tokumbo, ko sabo fil?

Duk wanda ya zuba kuɗinsa a jirgin ruwa a Legas, ko na fasinja ne tsakanin Ikorodu da Ebute Ero, ko na dakon kaya a gefen Apapa, wata rana sai direba ya kira shi ya ce: "Alhaji, injin nan fa ya gaji, ba ya ja." Jirgin da a da ana murɗa totur yake ɗaga hanci ya miƙe a kan ruwa, yanzu sai ya tsaya yana nishi, fasinja na kallon agogo. Mai sayar da inji zai ce maka sabo ne magani, bakanike zai ce a buɗe, dillali kuma yana da wani tokumbo da "bai yi aiki ba sam". Kowa da inda ya sa gaba. Shawarata ita ce kada ka zaɓi ko ɗaya daga cikin ukun sai ka san a ina ciwon yake, don sau da yawa ba a cikin injin yake ba.

Fara da sauraren kuka. Idan aka murɗa totur inji ya yi ƙara sosai amma jirgi bai ƙara gudu ba, to ƙarfi yana nan, isa ruwa ne ba ya yi. A nan farfela ake zargi. A cikin cibiyarta akwai roba da ke riƙe da sandar giya, an yi ta ne don ta saki idan farfela ta bugi wani abu, kada giya ta karye. Idan robar ta cinye, inji zai yi ta juyi a banza. Gwajin ba ya cin ko sisi: a ja layin fenti daga cibiya zuwa jikin farfela, a yi tafiya kaɗan, a ɗago inji. In layin ya rabu biyu, ka gano ɓarawonka. A duba kuma ko fukafukan sun lanƙwashe, ko leda da igiyar taru sun naɗe a baya. Ruwan Legas ba ya rabuwa da leda, kuma idan kainuwa ta rufe hanya wajen ƙarshen shekara, musamman ta ɓangaren Ikorodu, farfela da ramukan shan ruwa su ne suke fara shan wahala.

Idan kuwa kukan ne da kansa ya ƙi tashi, inji na shaƙewa da zarar an ba shi wuta, sai a bi hanyar mai tun daga tanki. Murfin tanki yana da ɗan ramin shan iska, in ya toshe mai ba zai sauka ba. Ƙwallon robar nan da ke tsakiyar tiyo ita ma tana ba da labari. In ka same ta a lotse ana cikin tafiya, toshewar tana bayanta, wajen tanki. In kuma matsa ta da hannu yana sa inji ya farfaɗo, to famfon mai ya yi rauni ko tiyo na shan iska. Sai a tsiyayi mai kaɗan a kwalba mai haske a ajiye: ruwa zai kwanta a ƙasa, fetur a sama. Wanda yake sayen mai a jarka a bakin ruwa ya san wannan ba baƙon abu ba ne, kuma ba a manta da gurɓataccen fetur mai sinadarin methanol da ya shigo ƙasar nan a farkon 2022 ba. Datti ɗan ƙanƙani a idon kafireta ya isa ya sa inji mai ƙarfin doki 75 ya koma kamar mai 40.

Bayan mai sai wuta. A kwance fulogi duka a jera su a kan katako. Masu lafiya bakinsu ruwan ƙasa ne a bushe. Wanda ya fito baƙi a jiƙe, silindarsa ba ta cin wuta, kuma inji mai silinda uku yana iya tashi ya yi ta tafiya da biyu ba tare da direba ya ankara ba. Wanda ya fito fes kamar an wanke shi, ruwa ne yake shiga silindar. A kalli kuma ɗan ruwan da inji ke fitsarwa a baya. In ya yi rauni, robar famfon ruwa ta gaji ko gishiri ya toshe hanya, inji na zafi, wasu injinan ma da kansu suke rage juyi don kare kansu. Wani abin da masu jirgi ke mantawa shi ne jirgin kansa. Gindin da ƙwaryar ruwa da gansakuka suka manne masa, ko katakon da ya sha ruwa ya yi nauyi, ko lodin da ya wuce kima, duk suna cinye gudu, sai a ɗora wa inji laifi.

Duk wannan ƙananan kuɗi ne. Alƙalin gaskiya shi ne awon kwamfireshan, wato matsin da kowace silinda ke riƙewa. Bakanike zai ɗaura agogon awo a ramin fulogi ya ja inji, silinda bayan silinda. Abin dubawa shi ne su yi kusa da juna, bambancin kada ya wuce kamar kashi 10 cikin 100. Ka tsaya a kansa ka ga allurar da idonka, kada a faɗa maka a waya. Bakaniken da ya ce a buɗe inji bai yi wannan awon ba, ni dai ba zan ba shi aikin ba.

In silindu sun zo daidai, gyara shi ne zaɓi, babu wata doguwar muhawara. Wankin kafireta, sabbin fulogi, robar famfo, tiyo, farfela: ko an haɗa su duka ba su kai kusa da kuɗin wani inji ba. Wajen farfela a kula da lambar da ke jikinta, ita ce ke nuna takunta, wato nisan da take tura jirgi a juyi ɗaya. Yawancin tsofaffin injinan Yamaha Enduro, irin su masu doki 40 da 75 da suka cika tashoshinmu, an yi su ne su kai juyi 4,500 zuwa 5,500 a minti idan an buɗe totur duka. Kowane inci ɗaya da aka ƙara a takun farfela yana rage juyi kamar 150 zuwa 200. Direbobi na son mai dogon taku don gudu idan jirgi ba kowa, amma jirgin da kullum yake cike da mutane ko buhuna mai gajeren taku yake so.

In silinda ɗaya ta faɗi ƙasa, an shiga babban aiki: fistin, ringi, gaskit, wataƙila a rarake silinda. Yana biya idan jikin injin bai ruɓe ba kuma ka samu kayan asali. Matsalar kasuwa ita ce jabu a cikin kwali mai kyau, kuma ringin jabu ba ya daɗewa. In kusoshi sun ci gishiri har suna karyewa wajen kwancewa, ko an taɓa yin wannan aikin a baya, kada ka sake zuba kuɗi a ciki.

Tokumbo shi ne inda aka fi yin kuka. Fenti da sabuwar sitika ba su nuna komai ba. Dillali zai tayar maka da shi a cikin duro ya yi ƙara mai daɗi, amma inji ba ya nuna halinsa sai da kaya a kansa. Sharaɗinka ya zama uku a baki ɗaya: awon kwamfireshan a gabanka, a kwance kusar man giya a ƙasa ka gani, sannan a ɗaura shi a jirgi a shiga ruwa da lodi. Man giya da ya koma kamar madara ruwa ne ya shiga, wanda ke da ƙyalƙyalin ƙarfe kuma haƙoran giya ne ke cinyewa. Ka auna tsawon ƙafar injin, wato ɓangaren da ke sauka cikin ruwa, don akwai gajera mai inci 15 da doguwa mai inci 20, kuma wadda ba ta dace da bayan jirginka ba za ta ba ka irin matsalar da ka gudo mata. Ka duba lambar jikin inji ta yi daidai da rasit, domin ana satar injinan jirgi, kuma wanda aka kankare lambarsa rigima ce ka sayo. In aka kawo maka Evinrude da araha, ka tuna kamfaninsa ya daina ƙera shi tun 2020, neman kayansa a nan wahala ne.

Sabo kuma kashi biyu ne. Mai bugu biyu, wanda ake haɗa masa fetur da baƙin mai, ba shi da nauyi, yana da saurin ɗauka, kuma kowane bakanike a bakin ruwa ya san cikinsa. Illarsa cin mai. Mai doki 40 a buɗe yana iya shan lita 15 zuwa 20 a awa ɗaya, kuma tun da aka janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, wannan lissafin ya daina zama wasa. Mai bugu huɗu, na Yamaha ko Suzuki ko Mercury, ya fi tsimin mai nesa ba kusa ba, ba hayaƙi, ba ƙara sosai. Sai dai ya fi tsada, ya fi nauyi a bayan jirgi, yana son canjin baƙin mai duk bayan kamar awa 100, kuma masu allurar mai na zamani ba sa yafe gurɓataccen fetur, in sun yi ciwo sai mai kwamfuta. Jirgin da ke zirga-zirga safe da yamma kullum zai fanshe kuɗin mai bugu huɗu daga rarar mai. Wanda ke fita jefi-jefi, ko yake aiki can wajen Epe ko Badagry nesa da ƙwararren bakanike, mai bugu biyu ya fi masa kwanciyar hankali. Akwai kuma na China irin su Parsun, masu sauƙin kuɗi. Kafin ka ɗauka, tambayi kanikawan tasharku ko suna samun kayansa, sannan ka sa a ranka cewa ranar sayarwa ba zai riƙe daraja kamar Yamaha ba.

Ko wanne ka ɗauka, ka ja wa direba kunne kan haɗin mai. Yawancin masu bugu biyu kashi 50 na fetur ne da kashi 1 na baƙin mai, wato rabin lita a jarka mai lita 25, amma a bi abin da littafin injin ya ce, don sabon inji a kwanakin farko ya fi son mai da yawa. A sayi man injin ruwa mai alamar TC-W3, ba na mota ba, a auna da kwalba ba da ido ba. Wanda kuma jirginsa ke bi ta tashar CMS da ke tsibirin Legas zuwa bakin teku, inda gishiri ya fi ƙarfi da rani, ya riƙa ɗauraye cikin inji da ruwan famfo bayan aiki, ya kuma canza ɗan ƙarfen tutiya da ke ƙafar injin, mai kare shi daga cin gishiri, idan ya cinye rabi.