Kwamfutar hannu 5 ko majigi ɗaya? Amsa ga malamar aji uku

Malama, kin ce kina da yara kusan 70 a aji uku a wata firamare a Tudun Wada, kuma ƙungiyar iyaye da malamai ta tara kuɗin da zai sayi ko dai kwamfutar hannu 5, ko majigi ɗaya da batirinsa. Kina tambaya wanne ya fi dacewa da koyarwa ta hanyar wasa. Ni dai majigin zan ɗauka, amma akwai abin da kwamfutar hannu ta fi shi, kuma ba ƙarami ba ne.

Mu fara da yawan yara. Kwamfuta 5 ga yara 70, kowace ɗaya yara 14 ke nan. Kin fi ni sanin yadda za a kaya: mai ƙarfi ya riƙe, biyu su leƙa ta kafaɗarsa, sauran su koma surutu, ke kuma ki ƙare darasin kina rabon faɗa. Majigi kuwa bango ɗaya yake haskawa, na gaba da na baya abu ɗaya suke kallo, kuma ragamar aji tana hannunki.

Sai irin wasan da kowanne ke ɗauka. Kahoot, wasan tambaya da amsa da aka fi ji, yana buƙatar intanet da na'ura a hannun kowane mai amsa ko kowace ƙungiya, don haka ko an sayi guda 5 ɗin, kuɗin data zai riƙa bin ku. Wanda ya dace da majigi shi ne Plickers. Ana buga wa kowane yaro kati mai zane, gefensa huɗu A, B, C da D. Ki haska tambaya a bango, yaro ya juya gefen da ya zaɓa sama ya ɗaga, ki zagaya da kyamarar wayarki, nan take ki ga wanda ya gane da wanda bai gane ba. Yara ba sa buƙatar na'ura ko data. Zanen katunan ya bambanta, saboda haka mai satar amsa ba ya samun abin kwafa daga maƙwabcinsa. Katunan sun tsaya a 63, sai ki haɗa wasu bibbiyu. Abin da ya fi burge ni shi ne ke ce mai rubuta tambayar, kina iya yin ta da Hausa, da kayan gida: farashin tumatir a kasuwar Sabon Gari ya zama lissafi, hoton Ƙofar Doka ko ragowar ganuwar Zazzau ya buɗe labarin Sarauniya Amina. Yawancin manhajojin yara da ake saukewa da Turanci suke, muryar ma ta Amurka ce, ɗan aji uku yana danna hoto ne kawai har ya dace. Akwai Nigeria Learning Passport da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF suka ƙaddamar a 2022, tana da darussa da Hausa, kuma ana iya haska su ga aji duka.

Inda kwamfutar hannu ta yi zarra shi ne ƙirƙira. ScratchJr, da aka fitar a 2014 don yara masu shekara 5 zuwa 7, ba ta buƙatar intanet. Yaro yana jera ƙananan tubalan umarni, sai 'yar kyanwa ta yi tafiya, ta yi tsalle, ta yi magana da muryar da ya naɗa da kansa. Ki ba yara uku guda ɗaya ki ce su shirya tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, za ki ga suna gardama kan abin da ya kamata ya fara zuwa, suna gwadawa suna gyarawa. Majigi ba ya bayar da wannan, domin a gaban bango yaro mai amsawa ne, a nan kuwa shi ne mai ginawa. Haka GCompris, kyauta ce, tana da wasanni sama da 100 na ƙirga da haruffa. Sai dai duk wannan aikin mutum biyu ko uku ne a kan na'ura ɗaya, wato yara 15 a lokaci guda. Ya fi kama da kulob bayan an tashi.

Kada a ɗauka na'ura a hannun yaro ita ce ilimi. An raba wa yaran wata firamare a Galadima, kusa da Abuja, ƙananan kwamfutoci a 2007, kuma ƙasar Peru ta raba irinsu dubu ɗaruruwa. Da aka auna yaran Peru, sun iya kwamfuta, amma lissafi da karatu ba su ƙaru ba.

Wuta kuwa duka biyun tana cizonsu. Kwamfutar hannu tana riƙe caji sa'o'i, amma gilashinta ba ya jure faɗuwa a siminti, ga tunanin inda za a kulle ta. Majigi ya fi shan wuta, ƙurar hunturu tana toshe masa iska, kuma babban abokin gabarsa hasken rana ne. Ƙananan masu batiri da yawa, da hantsi ya ɗaga sai rubutu ya ɓace a bango. Ki sa kuɗin labule mai kauri cikin lissafi.

Kafin a biya, ki sa mai sayarwa ya kawo shi ajinki da tsakar rana, ki zauna a bencin ƙarshe ki gwada karanta rubutun. In bai karantu ba, a sayi talabijin mai faɗi da kuɗin, wayarki za ta haɗu da shi kamar yadda za ta haɗu da majigin.