Keken ɗinki ko waya: ina ya kamata kuɗin ajin matan aure su tafi?

Malama, Allah ya saka miki da alheri a kan wannan ɗawainiya. Kin ce kina da ajin yaƙi da jahilci na matan aure a unguwarku, kuna aron ɗakin Islamiyya da hantsi, an kuma ba ku gudummawar da ba za ta ɗauki abu biyu ba. Wasu sun ce a sayi wayoyi ko kwamfuta, wasu sun ce a sayi keken ɗinki da kayan sana'a. Da ni za a bar wa zaɓi, wajen sana'a zan kai kuɗin, ita kuma waya in yi aiki da wadda take hannun matan tun asali. Amma bari in ajiye su kusa da juna ki gani da kanki, domin kowanne akwai inda ya kayar da ɗan'uwansa.

A fara da zuwa ajin, tunda sai an zo ake koyo. A nan sana'a ta yi wa waya nisa. Mace mai 'ya'ya huɗu ko biyar, ga girki, ga tallan da take ɗora wa yara, ba za ta bar gida awa biyu ba sai ta ga abin da za ta dawo da shi. Shi ma maigida, in aka ce masa za a koyi ɗinki, ba ya jan magana, har kuɗin zare ya kan bayar. In aka ce masa za a koyi waya, abin da ke faɗo masa a rai TikTok ne da hira da baƙin maza, sai ki ji ya ce a dakata tukuna. Ko kin yarda da tsoronsa ko ba ki yarda ba, izinin yana hannunsa, kuma ajin da aka buɗe da sunan waya yakan rasa ɗalibai tun kafin a kai ko'ina.

Idan aka zo kan karatun kansa, sai labari ya juya. Sana'a tana koyar da lissafi da kyau: tef ɗin awo, inci da rabin inci, yadi nawa zai fitar da riga da zani, nawa ne uwar kuɗi, nawa ne riba. Sai dai ba ta tilasta wa kowa ya karanta harafi ko ɗaya. Iyayenmu sun yi saƙar faifai da ɗinkin hula da kaɗi shekara da shekaru ba su taɓa riƙe fensir ba. Haɗarin da ya fi yawa shi ne ajin ya koma shagon tela: ana zuwa, kowa na rububin keke, allo yana can ba wanda ya waiwaye shi, a yi yaye da mata masu iya ɗinka zanen gado waɗanda ba za su iya rubuta sunan mai kayan ba. Ita waya kuwa ba ta san wannan ba. Kafin ki ajiye lamba sai kin rubuta suna, kafin ki tura kuɗi sai kin karanta abin da ya fito.

An ma gwada wannan a maƙwabta. Daga 2009 aka gudanar da wani shiri mai suna ABC a ƙauyukan jihohin Doso da Damagaram a Nijar, ƙungiyar Catholic Relief Services ce ta riƙe azuzuwan, Jenny Aker ta Jami'ar Tufts a Amurka da abokan aikinta suka bi sakamakon. Da Hausa da Zabarmanci ake karatun. A wasu ƙauyuka aka yi karatu yadda aka saba, a wasu kuma aka ƙara darasin ƙaramar waya, mutum biyar suna tarayya a waya ɗaya. Waɗanda aka koya wa waya sun fi sauran maki a rubutu da lissafi, kuma bayan an rufe aji da watanni ba su zubar da lissafin kamar sauran ba.

Sai dai a lura da irin wayar da kuma zamanin. Ƙaramar waya ce mai madannai, kuma a lokacin tes, wato saƙon rubutu, ya fi kira araha nesa ba kusa ba, saboda haka mai son ya yi wa ɗansa da ya tafi ci-rani magana sai ya daure ya harhaɗa haruffa. Tsadar kira ce ta zama malamar. Yau babbar waya ta cire wannan tilas ɗin. Tsohuwar da ba ta san bambancin "ba" da "da" ba tana WhatsApp lafiya lau: ta gane mutum da hotonsa, ta danna, ta yi saƙon murya, ta saurari amsa. Shi ya sa nake ganin sayen manyan wayoyi domin ajin karatu asarar kuɗi ce. In ba malama ta kafa doka cewa a zauren ajin ba a saƙon murya, sai rubutu, to za a shekara ana shafa waya ba a ƙaru da komai ba.

Kwamfuta kam ki cire ta daga lissafi. Tana son wuta, tana son ɗaki mai makulli, tana son wanda ya iya gyara, kuma babu ɗaya daga cikin matan da za ta koma gida ta tarar da irinta. Ƙarshenta a lulluɓe ta da zani a ofishin shugaban makaranta. Ita ma waya ba sayenta ne wahalar ba, ciyar da ita ne: caji, kati, data, kuma tun farkon 2025 da hukumar kula da sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya ƙarin farashi da ya kai kashi 50 cikin ɗari, data ta ƙara zafi. Keken ɗinki na ƙafa bai san an ɗauke wuta ba, mai gyaransa yana kowace kasuwa, kuma zai yi shekaru yana aiki. Nasa aibin shi ne mutum ɗaya yake ɗauka a lokaci guda. Keke biyu ga mata talatin rigima ce kawai. Don haka kada ki zuba kuɗin duka a keke. Ki haɗa da abin da kowa za ta riƙe a hannunta ta ci gaba a gida, kamar saƙar kwarashi ta kayan jarirai, ɗinkin hula, ko kwalliyar mayafi da duwatsu.

A nan zan ɗan tsaya, domin wajen zaɓen sana'ar ne yawancin azuzuwa ke yin ɓarna. Kowa sabulun ruwa, kowa man shafawa, kowa turaren wuta. Ana son su ne don ana koyonsu a yini biyu kuma suna kyau a hoton ranar yaye. To amma in mata talatin na unguwa ɗaya suka iya haɗa sabulu rana ɗaya, wa zai saya a wajen wa? Ga soda tana ƙona hannu, ga ƙananan yara a tsakar gida, ga shi kuma duk abin da za a zuba a roba a kai shago da suna sai an bi ta NAFDAC. Kafin ki sayi komai, ki zauna da dillaliyar unguwarku da tela ɗaya ko biyu, ki tambaye su abin da ake nema ba a samu. Sau da yawa amsar ba ta da armashi: kayan makaranta na yara, hijabin Islamiyya, zanen gado da labule na kayan ɗaki, gyaran tsofaffin kaya. Amma su ne ke da mai saye duk shekara. Ɗinkin hula kuma yana da 'yan sari, sai dai ladan hannun kaɗan ne idan aka auna da kwanakin da hula ɗaya ke ci, gara matan su san haka tun farko.

Akwai abu ɗaya da sana'a ba za ta taɓa yi wa matan ba, waya ce kaɗai. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ciniki ya koma transfa, har a cikin gidaje. Mace ta yi ɗinki, a biya ta asusun maigida ko na ɗanta ko na mai POS, sai abin da aka ce mata ya shigo. Wata a nuna mata alat na bogi ta miƙa kaya. Wata a kira ta a ce daga banki ne, ta karanto lambar da aka turo mata, a kwashe kuɗin adashe. Darasin da zai hana wannan bai buƙatar data ko babbar waya: yadda ake duba abin da ya rage a asusu da lambobin banki a ƙaramar waya, yadda ake karanta sunan mai asusu kafin a tura, bambancin 5,000 da 50,000, da cewa lambar sirri ba a faɗa wa kowa. Sifilin nan guda ɗaya ya fi ba manya wahala fiye da duk baƙaƙen Hausa, ki ba shi lokaci.

Bayan yaye kuma fa? Wannan tsohuwar matsala ce. A shekarun 1950, lokacin gangamin Yaƙi da Jahilci a Jihar Arewa, an gane cewa wanda ya koyi karatu bai sami abin karantawa ba yakan mance, shi ya sa hukumar wallafa littattafai ta Arewa, NORLA, a Zariya ta riƙa buga ƙananan littattafai da jaridun larduna irin su Sodangi ta Kano da Himma ta Katsina. Sana'a tana zama a hannu ko an bar aji, karatu ne ke gudu. Yau abin da zai riƙe shi shi ne tes da littafin ciniki.

Ga yadda zan tsara in ni ce. Watanni biyun farko allo da sana'a kawai, kuma kullum karatu ne farko, ba a taɓa keke sai an gama shi. Kowace ɗaliba ta sami littafin awo da bashi, ta rubuta sunan mai kaya, awonsa, abin da ya bayar da abin da ya rage, ko da rubutun ya karkace. A wata na uku a shigo da waya, kowa ta zo da ta gidansu, marasa ita a haɗa su biyar-biyar da masu ita. Daga gudummawar ki ware kaɗan na kati da ƙaramar sola ta caji. Masu babbar waya a sa musu madannin Hausa na manhajar Gboard don su sami ƙ da ɗ da ɓ. Hoton kaya da tallarsu a WhatsApp ya zo a ƙarshe, bayan an sanar da mazajen.

Ki kuma je hukumar ilimin manya ta jiharku ki yi wa ajin rajista. Kowace jiha tana da ita, ta Kano tun 1980 zamanin Gwamna Abubakar Rimi, a tarayya kuma akwai hukumar ilimin manya ta ƙasa, NMEC, tun 1990. Ta wajensu ake samun manhaja da jarrabawa da takardar shaida, wadda da ita ce mai son ci gaba za ta wuce aji na gaba.