Manhajar tsara lodin falet: tana da amfani, amma kar ka ajiye tef ɗinka

Tun da oga ya saka mana manhajar nan ta tsara lodi a waya nake son in yi magana a kanta, musamman don masu aiki irin namu na raba kaya wuri-wuri, mota ɗaya amma kastomomi da yawa kowa da nasa falet, wato katakon nan da ake jera kaya a kai.

Yadda take aiki ba wuya. Za ka ba ta girman bodin mota da nauyin da kowane aksul, wato ƙarfen da ke haɗa tayoyin hagu da na dama, zai iya ɗauka, sai ka shigar da falet ɗinka ɗaya bayan ɗaya, nauyinsa da inda za a sauke shi, ita kuma ta zano maka cikin motar kowane kastoma da kalarsa. Na ƙarshen saukewa shi ke fara shiga can ƙurya, na farko ya tsaya bakin ƙofa. To wannan ai ko yaron mota ya sani, ba don shi nake yaba ta ba.

Inda ta burge ni shi ne lissafin nauyi bayan kowace tsayawa, abin da da yawanmu ba ma kawowa a ka. Kayan da ke can baya, bayan tayoyin baya, danne gindin mota suke suna ɗan ɗaga gabanta kamar sikeli. Da ka sauke su sai nauyi ya koma gaba, wato kaya sun ragu amma aksul ɗin gaba ya fi ɗazu shan wahala, motar da ta bar sito lafiya lau sai ka ga bayan sauke na biyu ta wuce ƙa'ida, direba yana ta ƙorafin sitiyari ya yi nauyi bai san dalili ba. Manhajar tana nuna maka wannan tun kafin fokilif, wato injin ɗaga kaya, ya ɗaga falet na farko, aksul ɗin ya yi ja a allo, ta ce matsar da wancan mai nauyin tsakiya. Wallahi wannan kaɗai ya isa a biya mata kuɗin wata.

Haɗa falet iri biyu ma tana ƙoƙari. Irin na Turai mai santimita 120 da 80, tirela mai mita 13.6 tana cin guda 33, mai 120 da 100 kuma 26, amma in suka cakuɗu a lodi ɗaya nan kai ke ɗaukar zafi, wanne za a sa a tsaye wanne a gicciye. Ita kafin ka ƙifta ido ta gama.

Yanzu ga inda take ba ni haushi. Ita a wajenta kaya daidai bakin falet suke tsayawa cif. Ina! Kwali ya kan leƙo waje, buhu ya yi ciki, ledar da aka naɗe ta saki kaya su karkace. Falet uku a jere santimita 240 ne, cikin bodin kuma bai fi 245 da ɗan wani abu ba, to in kwali ya leƙo da faɗin yatsa biyu a kowane gefe shi ke nan na ukun ba zai shiga ba, ga zane mai kyau a waya ga mai fokilif yana kallonka yana jira. Dole ka bi da tef ka auna kayan da kansu, ba katakon ba.

Sannan ba ta barin wurin jak ɗin jan falet, sai dai ka shigar da shi kamar shi ma kaya ne. Haka falet ɗin da babu komai a kai da kastoma zai mayar maka, ba ta san da zamansu ba, kuma su ne ke tare maka ƙofa a tsayawa ta gaba.

Maganar ɗauri kuwa ko oho. Duk lokacin da ka sauke layi ɗaya fili ya buɗe a bayan sauran kayan, sai ka matso da sandar tokare ka sake jan bel, in ba haka ba hawan tudu ɗaya ko kwana mai kaifi ya isa ya zubar maka da su. Ƙa'idar Turai ta EN 12195 ma cewa ta yi ɗauri ya iya riƙe kashi 80 cikin 100 na nauyin kaya ta gaba, kashi 50 ta gefe da ta baya. Da sun sa ko ɗan tuni ne bayan kowane sauke da ya yi.

In kuma kastoma ya kira ya ce a fara zuwa wajensa bayan an gama lodi, za ta sake maka zane tsaf, amma ba ita za ta fito da falet takwas ta mayar ba. Masu mota mai labule a gefe ba su cika damuwa da wannan ba tunda ta gefe suke zarowa. Mu masu ƙofar baya kaɗai mu muka fi buƙatarta, tauraro huɗu na ba ta, ɗayan sai sun gyara maganar jak da ɗauri.