Sharhi kan manhajar masu jiran tiyatar bawul ɗin zuciya

Asibitin da aka yi mini aiki a Jidda yana ba duk wanda za a sauya wa bawul ɗin zuciya, wato 'yar ƙofar da ke hana jini komawa baya a cikin zuciya, wata manhaja ta waya, mai ɗauke da gajerun bidiyo da jadawalin shan magani, kuma na yi amfani da ita tun kafin a kwantar da ni har bayan sallama. A ganina ta cancanci a sauke ta, sai dai waɗanda suka tsara ta ba su san abin da ke cikin tukunyarmu ba.

Inda ta fi yi mini amfani shi ne wajen zaɓen bawul. Nawa na mitral, wanda ke ɓangaren hagu na zuciya, shi ne ya lalace, sanadiyyar zazzaɓin rumatik da ya biyo bayan ciwon maƙogwaro tun ina yaro. Bidiyon ya nuna a fili cewa na ƙarfe yana daɗewa ƙwarai amma yana ɗaure mutum da shan warfarin, maganin hana jini daskarewa, har ƙarshen rayuwa, shi kuwa wanda ake haɗawa daga jikin saniya ko alade yakan gaji cikin shekaru 10 zuwa 20, a sake komawa tiyata. Saboda na kalle shi a gida cikin natsuwa, na shiga wurin likita da tambayoyina a shirye, muka tsaya a kan na ƙarfe. Har ƙarar ƙyas-ƙyas ɗin da yake yi sun sa an ji, abin da ya hana maiɗakina firgita daga baya.

Bayanin warfarin ma ya yi kyau. Manhajar tana tuna mini ranar gwajin INR, mai auna saurin daskarewar jini, tana adana sakamakon, tana kuma nuna ko ina tsakanin 2.5 da 3.5, wato iyakar da likita ya sa mini. Ta yi gargaɗi kan shan ibuprofen ko aspirin ba da izini ba, ta kuma bayyana dalilin duba haƙora kafin aiki, domin ƙwayoyin cutar baki suna iya bin jini su kama sabon bawul.

Sashen abinci ne ya gaza. An ce bitamin K na ganyaye yana rage ƙarfin maganin, amma misalan duka burokoli ne da latas, alhali abin da ke gabanmu kullum miyar lalo ce, wadda Larabawa ma suke ci, da alayyahu da kwaɗon zogale. Sai da na tambayi ma'aikaciyar jinya ta ce kada in daina ci, in dai riƙa cin gwargwado ɗaya kowane mako. Haka nan ba a ambaci ƙaho ba, duk da yawan masu yin sa a nan da hatsarin zubar jini ga mai shan wannan magani. An faɗi cewa ƙashin ƙirji yana ɗaukar makonni 6 zuwa 8 kafin ya haɗe, an hana ɗaukar kaya da tuƙi, amma ba a ce komai ba game da ruku'u da sujada, ko lokacin shan magani a watan azumi.

Da Larabci da Ingilishi kawai take magana, Larabcin ma na littafi, don haka dattijon da ya saba da na kasuwa zai buƙaci ɗa ko jika ya zauna kusa da shi suna kallo tare.