Waya, tabilet ko laftof: wanne makarantar firamare a Kebbi za ta saya don aikin binciken tarihi?

Tun da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da dawo da darasin tarihi a makarantu a ƙarshen 2022, bayan ya shafe fiye da shekara goma ba ya cikin manhajar firamare, malamai ke neman yadda za su koyar da shi ba tare da yara sun ƙare a haddar sunayen sarakuna ba. Wata hanya mai kyau ita ce a raba aji rukuni-rukuni, a ba kowane rukuni tambaya ɗaya, a damƙa masa na'ura ya je ya nemo amsa. To, idan ɗan kuɗi ya shigo hannun kwamitin makaranta ko ƙungiyar iyaye da malamai, me za a saya?

Kafin hedimasta ya taka kasuwa, ya fara tambayar kansa inda tarihin yake. Abin da ke intanet a kan Kanta da daular Kabi da ya kafa kaɗan ne, mafi yawansa kuma da Turancin da ya fi ƙarfin ɗan aji biyar. Sauran yana bakin mutane. Yana wurin masuntan Argungu da iyayensu suka ga yadda bikin kamun kifi ya soma a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara. Yana wurin dattawan ƙasar Yawuri da aka tayar daga tsibirai da bakin kogi sa'ad da madatsar Kainji ta cika a ƙarshen shekarun 1960. Yana zaurukan malaman Gwandu, da bakin tsofaffin Zuru masu sanin bikin gargajiya na Uhola. Saboda haka na'urar da ake bukata ita ce wadda za ta fita aji, ta ɗauko murya da hoto, ta dawo lafiya.

Nan waya ta yi wa sauran fintinkau. Tana shiga aljihun malami, batirinta kan kai yini, yaran sun riga sun san kanta, kuma in ta lalace akwai mai gyara a kowace babbar kasuwa daga Birnin Kebbi zuwa Jega. Tecno da Itel da Infinix duk na kamfani ɗaya ne, kayan gyaransu ba sa wuyar samu. Kuɗin laftof ɗaya mai lafiya kan sayi ƙananan wayoyi da yawa, wannan kuwa shi ne jigon aikin: aji mai yara sittin, in aka kasa shi gida takwas, waya takwas yake so. Na'ura ɗaya a gaban yara sittin kallo ne kawai, masu wayo biyu ko uku su mamaye ta, saura su yi tagumi.

Amma kada ku bari mai shago ya ruɗe ku da yawan idanun kyamara a bayan waya. Murya ce dukiyar. Ku buɗe manhajar ɗaukar sauti nan cikin shagon, ku ajiye wayar a kan kanta, ɗayanku ya ja baya taku biyu ya yi magana ƙasa-ƙasa irin ta tsoho, sannan ku saurara. Haka abin zai kasance a fili: dattijo a kan tabarma bakin Matan Fada, inda ake bikin kamun kifin Argungu, gorarsa jingine da bango, waya a gabansa, yara shida sun kewaye shi, iska na kaɗawa, ga babur ya wuce. Sai an dawo aji a tarar rabin zancen ya bi iska, kuma ba kowane tsoho ake komawa a ce ya maimaita ba. Ɗan ƙaramin makirfo da ake maƙalawa a wuyan riga, mai soso a kai, yana maganin wannan, kuɗinsa kuma bai taka kara ya karya ba. A ganina gara waya mai rahusa da makirfo a kan mai tsada babu shi. Sai a duba ko wayar na da ramin da zai shiga, domin wasu sababbi ba su da shi. Ma'ajiyarta kada ta gaza gig 64, ta kuma karɓi memori. Bidiyo na cinye wuri da sauri, murya kuwa ba ta cin komai.

Tabilet fa? Fa'idarta faɗin fuska. Yara biyar za su iya duƙawa a kan taswira ɗaya su ga inda Surame, tsohon birnin Kanta, take, da nisanta da Argungu, ko su ƙara girman hoton wani tsohon makami da suka ɗauko a gidan tarihin Kanta, wanda a da fadar sarki ne kafin a buɗe shi ga jama'a a 1958. Matsalarta, masu arha da yawa ba su da wani suna tabbatacce, in gilashi ya fashe sai a yi ta yawon neman irinsa. Idan za a saya, biyu sun ishi makaranta, su zauna a aji, a sa musu riga mai kauri.

Laftof ta malami ce, guda ɗaya tak. A kanta za a tara abin da rukunoni suka kawo, a sa wa kowane fayil suna da ranar ɗauka da sunan wanda ya ba da labari, a buga rubutun yara. Ta hannu ma ta isa, muddin an gwada batirinta: a cire caja, a kunna bidiyo, a zauna a ga yadda cajin ke sauka. Majigi kuwa shi ne abin da ya fi burge kwamiti, shi ne kuma na ƙarshe da zan saya. Yana son wuta tsayayya da ɗaki mai duhu, ajujuwanmu kuwa tagogi a buɗe suke saboda zafi. Ranar baje kolin aikin yara a gaban iyaye ana iya aronsa ko a yi haya.

Wuta ce ke kashe irin wannan shiri, ba rashin na'ura ba. Makarantar da ba ta da layin lantarki, ko take da shi amma ba a ganin wutar, ta ware kuɗin sola tun farko, kada ya zama ragowa. Waya takwas ba sa bukatar babban kaya: faranti ɗaya matsakaici da batiri, ko fawabanki biyu masu ƙarfin mAh 20,000 kowanne. Janareta na cin mai kullum, ƙararsa kuma tana ɓata sauti. Kada a bar waya ko batiri suna caji a rana. A watannin Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, batiri ya kumbura. Lokacin hunturu kuma ƙura ce, sai akwatin ƙarfe mai kwado da ƙyalle a ciki.

Sai batun data, wanda mutane ke zaton shi ne farko. Ni ban ga dalilin sa layi a wayoyin yara ba. Akwai manhaja kyauta mai suna Kiwix da ke sauke Wikipedia, har da ta Hausa, a karanta ba tare da sabis ba. Malami ya sauke sau ɗaya a gari, ya tura wa sauran ta Xender, ya sa musu Gboard domin su sami ɗ da ƙ da ɓ. Layi ɗaya a hannun malami ya wadatar, a zaɓi wanda ke kamawa a harabar makarantar, ba wanda ke kamawa a gidan hedimasta ba. Wannan ya kuma rufe ƙofar yaro ya faɗa inda bai kamata ba.

Akwai amfanin da na fi so a ce an samu daga waɗannan wayoyi. A tura rukuni ɗaya wurin dattijon Bakabe, wani wurin malami a Gwandu, duka a tambaye su abin da ya faru bayan faɗuwar Birnin Kebbi a hannun masu jihadi a 1805, da yadda Kabawa suka koma Argungu. Ba lalle labaran su zo iri ɗaya ba. A kunna su a aji ɗaya bayan ɗaya, a bar yara su gano inda suka haɗu da inda suka rabu, malami yana kula kada abin ya zama gori. Littafi ɗaya ba ya ba yaro wannan.

Ba a fita ba da sanin iyaye ba, ba a fita babu malami. A fara gaida mai unguwa ko hakimi, a nemi izinin dattijo kafin a danna ɗauka, balle hoto. A tanadi malama da za ta shiga gidaje da 'yan mata, domin tarihin aure da girki da waƙoƙin daka yana wurin iyaye mata, kuma maza ba za su kai gare shi ba.

Ranar saye, a je da mutum biyu daga kwamiti, a karɓi rasit mai lambar kowace waya, a tambayi tsawon garanti a rubuce. A sayi iri ɗaya domin caja ɗaya ta yi wa duka, a manna wa kowace lamba a baya, a buɗe rajistar fita da dawowa. A ƙara da filasha biyu: duk ranar Alhamis a kwafe abin da aka ɗauko, ɗaya ta zauna a ofis, ɗaya ta kwana a hannun malamin tarihi.