Wata takwas da kwamfutar da na haɗa don aikin gida

A watan Satumba na 2025 na haƙura da tsohuwar kwamfutar da nake yi wa wasu 'yan kasuwar albasa lissafi da ita a ɗakina na Yantala, domin ba ta da TPM 2.0, wato wani ɗan guntun tsaro da Windows 11 ke buƙata, ga shi kuma Microsoft ta ce za ta daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba. Kuɗin hannuna kaɗan ne, don haka na ajiye allo da akwatin da nake da su, na nemi abubuwa uku: firosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta), uwar allo (babban faifan da ake jona sauran sassa a kansa) wadda masu gyara a nan Yamai ke kira kart mer, da RAM (ma'ajiyar wucin gadi ta aikin da ake kan yi).

A wani shago kusa da Babbar Kasuwa, mai shagon ya miƙo mini firosesa Core i3-12100F yana cewa: "Malam, wannan ta fi araha, kuma ba za ta ba ka kunya ba." Abin da bai faɗa ba shi ne harafin F na nufin ba ta iya fitar da hoto da kanta, sai an saya mata katin hoto daban, wanda zai cinye rangwamen har da ƙari. Na ɗauki Ryzen 5 5600G ta AMD, mai cibiya 6, wadda ke ɗauke da sashen hotonta a ciki kuma ta zo da fankarta a kwali. Duk da cewa tun 2021 ta fito, ban taɓa jin ta gaza ba a Excel, ko lokacin da nake kiran bidiyo da abokan ciniki na Galmi.

Uwar allon A520 na saya, saboda tana da ramin VGA da tsohon allona ke shiga. Tana aiki lafiya.

Inda na yi kuskure shi ne RAM. Don in rage kashe kuɗi na sayi baret (sandar RAM) ɗaya ta giga 8, na manta cewa sashen hoton wannan firosesa daga RAM yake gutsurar rabonsa. Da zarar na buɗe manyan takardun lissafi tare da shafukan intanet goma, sai na'urar ta fara jan ƙafa. Bayan wata biyu na ƙara baret ta biyu irinta, suka zama 16 suna aiki ta hanya biyu a lokaci guda, kuma bambancin ya fito fili tun ranar farko. A nan ne ma na gano RAM ɗin tana tafiya a gudun 2400 maimakon 3200 da aka rubuta a jikinta, sai da na shiga BIOS, wato shafin saitin uwar allo, na kunna XMP, saitin da ke ba ta cikakken gudunta. Yanzu ramukan RAM biyun da uwar allon ke da su duk sun cika, ranar da na so giga 32 dole in cire duka biyun. Da na sani da na ƙara 'yan jikkuna na ɗauki uwar allon B550 mai ramuka huɗu.

A zafin Afrilu fankar ta riƙa ƙara da tsakar rana, kuma da na buɗe akwatin na tarar ƙurar hunturu ta toshe haƙoran ƙarfen da ke ƙarƙashinta kamar auduga. Na share da burushin fenti, ƙarar ta ragu sosai. Ondila, wato batirin ajiyar wuta da na haɗa wa kwamfutar, tana ba ni 'yan mintoci in adana aiki idan wuta ta ɗauke.